Labarin Da Ke Hana Barci: Ina Amfaninsa Ga Mai Karatu?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci zuciya, Ya sanya mata tsoro da fata domin su zame mata linzami. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ƴan'uwa, akwai wata tambaya da kan taso tsakanin iyaye da malaman lakwal da matasa masu karatu a nan ƙasar Arewa, tun daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri da Dumega. Tambayar ita ce: shin akwai wani alheri ga mutum ya zauna da ƙafarsa ya karanta labarin da zai tayar masa da tsikar jiki, ya hana shi barci, ya bar masa ɗaci a zuciya? In akwai, mene ne shi? In kuma babu, me ya sa mutane ba su daina neman irin waɗannan labarai ba? Mun ga ya dace mu dubi wannan mas'ala da natsuwa, domin kuwa ta shafi tarbiyyar ƴaƴanmu, ta kuma shafi yadda muke tuna abin da ya sami kakanninmu. Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba, tun da littafin da ya fi dacewa da wannan zance a kan ƙasarmu aka rubuta shi.

Littafin da abin da ke cikinsa

A shekarar 1980 aka buga wani littafi da Faransanci a birnin Paris mai suna Sarraounia. Marubucinsa Abdoulaye Mamani ne, ɗan Nijar, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932, ya rasu a hatsarin mota a 1993. A 1986 Med Hondo ya mayar da littafin silima, kuma a 1987 silimar ta ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Ta wannan hanya sunan Sarauniya Mangu ta Lugu, wanda a da bai cika wuce ƙasar Arewa ba, ya shiga duniya.

Abin da littafin ya ginu a kai ya faru da gaske. A farkon 1899 wata rundunar Faransa ta ƙetaro kogin Kwara ta nufi gabas, da niyyar isa Tafkin Cadi, ƙarƙashin wasu hafsoshi biyu, Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine. Rundunar ta yi yawa ga abinci da ruwan ƙasar da take ratsawa, saboda haka sai ta riƙa ci da ƙwace. Garin da ya ƙi ba da hatsi ko ƴan dako a ƙone shi, ɗan jagoran da aka zarga da ɓatar da hanya a rataye shi, ɗan dakon da ya gaza a kashe shi a bar gawarsa a hanya. A ranar 16 ga watan Afrilu suka auka wa Lugu, inda mutanen Sarauniya suka tsaya suka yi yaƙi da kwari da baka a gaban bindigogi, kafin su janye cikin kurmi. A watan Mayu rundunar ta isa Birnin Ƙonni, inda aka yi kisan da har yau jikokin waɗanda suka tsira suna ba da labarinsa. Da labari ya kai Faransa, sai aka umurci Kanar Klobb ya taso daga Tumbutu ya bi sawunsu. Ya bi su ta cikin ƙonannun garuruwa, har ya tarar da gawarwakin ƙananan yara mata a rataye jikin itatuwa. A ranar 14 ga watan Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Cikin kwana uku da yin haka, sojojinsu da kansu suka kashe Chanoine, sa'an nan suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi.

Wannan shi ne ƙashin bayan littafin. Duk wanda ya karanta shi ya san akwai shafukan da sai mutum ya ajiye ya numfasa kafin ya ci gaba.

Me ya sa ya fi Dodo ban tsoro?

Bahaushe ya daɗe da sanin labarin ban tsoro. Dukkanmu mun zauna gaban kakanninmu mata da dare mun ji tatsuniyar Dodo mai cin mutane, mun ƙanƙame juna, sa'an nan muka yi barcinmu. Dalilin da ya sa barcin ke zuwa shi ne, tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, yaro ya san an shiga duniyar ƙarya, da an ce ƙurunƙus kuma ya san an fito. Bayan haka Dodo ba shi da uwa ba shi da uba, bai yi makaranta ba, ba ya kama da kowa a gari. Tsoronsa a waje yake, ana rufe ƙofa ya ƙare.

Labarin Voulet da Chanoine ba shi da ƙurunƙus. Voulet ɗan likita ne, Chanoine kuma ɗan janar ne wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar yaƙi ta Faransa. Mutane ne masu ilimi, masu iyaye da dangi, masu rubuta wasiƙa gida, masu burin ƙarin girma a wurin aiki kamar kowane ma'aikaci. Ba su tashi da safe ɗaya suka zama abin da suka zama ba. Sun fara da ƙwacen da suka kira larura, daga nan suka shiga horon da suka kira ladabtarwa, har kisa ya zame musu abin yau da kullum. Mai karatu yana ganin matakalar, yana kuma gane cewa kowane mataki yana da uzurin da mai shi ya ba kansa. Irin wannan uzuri kuwa ba baƙo ba ne a kunnen kowane ɗan Adam.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Turawan da ke cikin rundunar ba su kai 10 ba. Sauran ɗaruruwan masu bindiga baƙar fata ne kamarmu, waɗanda aka ɗebo daga ƙasashen yamma, wasu da albashi, wasu da alkawarin ganima da bayi. Hannayen da suka cinna wa rumbuna wuta, mafi yawansu irin hannayenmu ne. Mutum biyu ba su iya ƙone ƙasa su kaɗai, sai sun sami masu cewa an umurce mu. Kuma waɗannan sojoji ba su juya wa shugabanninsu baya a Lugu ko a Ƙonni ba, sai bayan kisan Klobb, lokacin da suka gane cewa tafiyar za ta raba su da gida har abada. Wannan shi ne abin da ke hana mai hankali barci: ya tambayi kansa, da ni ne ke riƙe da bindigar nan, ga yunwa, ga tsoron shugaba, ga ganima a gabana, a wane gari zan ce na ƙi?

Masu karatu kashi huɗu

In muka saurari yadda mutane ke karɓar wannan littafi da ire-irensa, za mu iya kasa su kashi huɗu.

Na farko shi ne wanda ya rufe littafin ya ce bai ga amfanin tonon tsohon miki ba. A ganinsa abin da ya wuce ya wuce, matattu sun tafi ga Ubangijinsu, kuma karanta irin wannan ba ya ƙara wa mutum komai sai baƙin ciki. Wannan mutum yana da gaskiya ta wani gefe, domin zukata ba ɗaya ba ne, kuma babu wanda aka wajabta wa ɗaukar abin da zai cutar da shi. Wanda ya taɓa ganin kisa da idonsa, ko ya rasa nasa a hannun ƴan bindiga, ba ya bukatar littafi ya koya masa tsoro, kuma ba daidai ba ne a matsa masa. Amma in al'umma gaba ɗaya ta ɗauki wannan ra'ayi, to, ta taimaka wa azzalumi da abin da ya fi so, wato mantuwa. Ku duba yadda aka tsayar da ita rundunar. Wani hafsa mai suna Peteau, wanda aka kora daga cikinta, shi ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa ya zayyana abin da ake yi. Wasiƙar ta wuce hannu zuwa hannu har ta isa ga hukuma a Paris. Da wadda ta fara karanta ta ta ce wannan ya yi muni ta cusa ta a akwati, da ba a aiko Klobb ba. Labari mai ban tsoro da ya sami mai karatun da ya ƙi yin shiru, shi ne farkon ƙarshen wannan bala'i.

Na biyu shi ne wanda ya ji daɗi. Ya tsallake shafukan tunani ya nemi shafukan jini, ya ba abokansa labari yana dariya, ya ce a kawo wani wanda ya fi wannan. Wannan shi ne wanda muka fi ji wa tsoro, ko da yake shi ba ya jin tsoron komai. Zuciya kamar tafin hannu take, abin da ta yawaita taɓawa sai ta yi masa kanta. Wanda ya mayar da azabar ɗan Adam abin nishaɗi, kullum sai ya nemi ƙari kafin ya ji abin da ya ji jiya, har ya wayi gari kukan mutum bai fi kukan akuya ba a kunnensa. Wannan kuwa ita ce hanyar da su Voulet suka bi, illa dai shi yana bin ta a zaune.

Na uku shi ne wanda ya fusata saboda addini. Ya ce littafin ya ɗaukaka mace mai tsafi, ya kuma nuna sarakunan Musulmi da malamansu na wancan zamani a matsayin abokan gabarta, marasa kataɓus a gaban Nasara. Wannan ƙorafi ba a banza yake ba, kuma ya kamata a amsa shi da ilimi. Mamani ɗan gwagwarmayar siyasa ne, ya yi zaman gudun hijira saboda jam'iyyar Sawaba, kuma ya rubuta littafinsa yana neman gwarzon da zai kafa wa ƴan ƙasa. Ya zaɓi abin da zai haskaka, ya bar wani a duhu. Tarihi ya fi littafinsa faɗi. A ƙarshen watan Yuli na 1899 Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya tari ragowar wannan runduna da yaƙi a Tirmini, kuma a wannan shekara aka kashe shi. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi yana yaƙi da Ingilishi. A 1906 talakawa da malamai suka tashi a Satiru aka murƙushe su. Duk wannan gaskiya ne, kuma wajibi ne ƴaƴanmu su san shi. Sai dai kada fushin ya kai mu ga wani kuskuren. Mutanen Lugu da aka ƙone wa gari an zalunce su, ko mene ne abin bautarsu, kuma da yawa daga cikin masu cika sahun masallatanmu a yau jikokinsu ne. Addininmu ya hana zalunci a kan kowa, ya kuma gargaɗe mu da addu'ar wanda aka zalunta. Muna iya barin aƙidar kakanni ba tare da mun yi musun jininsu da aka zubar ba. Harsashin da ya faɗa Lugu shi ya faɗa Ƙonni, bai tambayi kowa alƙiblarsa ba.

Na huɗu shi ne wanda ya karanta ya sami natsuwa irin ta ƙarya. Ya ce wannan halin Nasara ne, ko ya ce waɗannan mahaukata ne, ya gode wa Allah da bai yi shi irinsu ba, ya juya ya yi barci. Abin mamaki, wannan ita ce amsar da hukumar Faransa da kanta ta fake da ita, inda aka ce zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa hankalin hafsoshin biyu, aka rufe zancen, aka kuma riƙe ƙasar da rundunar ta ci. Kiran azzalumi mahaukaci yana da daɗi, domin yana wanke wanda ya aike shi, ya wanke wanda ya bi shi, ya wanke mai karatu. Wato an mayar da shi Dodo ke nan, an samar wa labarin ƙurunƙus ɗin da ba shi da shi. Alhali mahaukaci ba ya lissafin harsashi, ba ya rubuta rahoto, ba ya tsara tafiyar ɗaruruwan mutane wata da watanni. Hankalinsu ƙalau yake. Abin da suka rasa shi ne tsoron hisabi, a wurin da suka tabbata babu mai ganinsu.

Ma'aunin da za mu riƙe

To, in haka ne, ina mafita? Mu a ganinmu, tsoron da labari ke jefawa a zuciya ba shi ne abin zargi ba. Abin dubawa shi ne inda tsoron ya kai mai shi.

Alƙur'ani mai girma bai ɓoye mana munin ɗan Adam ba. A cikin Suratul Ma'ida an ba mu labarin ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa saboda hassada, har ya rasa yadda zai yi da gawar sai da hankaka ya nuna masa. A cikin Suratu Yusuf ƴan'uwa ne suka jefa ƙanensu rijiya, suka komo wa mahaifinsu da dare suna kuka. An ba mu labarin Fir'auna mai yanka jarirai maza, an kuma ba mu, a cikin Suratul Buruj, labarin waɗanda suka haƙa rami suka hura wuta suka jefa muminai, suna zaune a gefe suna kallo. Waɗannan duka labarai ne masu girgiza zuciya, kuma masu aikata su mutane ne, har wasunsu ƴaƴan annabawa. Amma ku lura da yadda aka ba da su. Ba a tsaya ana ƙididdige raunuka ba, ba a ƙawata wa mai sauraro azabar ba. An faɗi abin da ya faru gwargwadon da zai isa wa'azi, an bayyana cutar zuciyar da ta haifar da shi, hassada ce ko girman kai, sa'an nan an nuna ƙarshen al'amari. Malamanmu sun bi wannan tafarki. Imam Gazali ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u a kan tsoro da fata, inda ya nuna cewa tsoro abin yabo shi ne wanda ke tura bawa ga aiki, wanda ya wuce haka har ya kai ga yanke ƙauna kuwa abin zargi ne. Waƙoƙin wa'azi na malaman jihadi da na bayansu, waɗanda makafi da almajirai ke rerawa a ƙofofin gidaje, cike suke da ambaton kabari da hisabi, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce an yi su domin nishaɗi ba.

Daga nan za mu iya fitar da ma'auni mai sauƙi. Idan ka gama karanta labari, dubi wanda zuciyarka ta tsaya tare da shi. In ka tashi kana jin tausayin wanda aka zalunta, kana ƙyamar zaluncin, kana kuma tuhumar kanka a kan ɗan ikon da ke hannunka, to, labarin ya yi maka aikin wa'azi, ko da marubucinsa bai nufi haka ba. Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. In kuwa ka tashi kana sha'awar ƙarfin azzalumin, ko kana jin ƙishin ganin wani jinin, ko ka yanke ƙauna daga rahamar Allah da alherin mutane, to, wannan labari guba ne gare ka, ko da ya zama magani ga waninka. Kuma ɗan ikon da muka ambata kowa yana da nasa. Maigida yana da shi a kan iyalinsa, malami a kan almajiransa, mai kanti a kan yaronsa, mai kaki a kan talakan da ya tsayar a hanya. Ba a fara zalunci da ƙona gari. Ana fara shi ranar da mutum ya ga na ƙasa da shi ya daina ganin mutum.

Tsakanin ƙage da ƙarya

Wasu kan ce, ai littafin hikaya ƙarya ne, ƙarya kuwa haramun ce, saboda haka zancen ya ƙare tun daga nan. Wannan magana tana bukatar gyara. Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba domin ya ɗauka haka yake. Labarin da mai ba da shi da mai jin sa duk suka san ƙagagge ne, misali ne ake bugawa. Shekaru aru-aru malaman zaure a ƙasar Hausa suna karantar da Muƙamatul Hariri, alhali gwarzonta Abu Zaid mutum ne ƙagagge, mayaudari kuma, ba su ga laifin haka ba saboda abin da ke ciki na harshe da hikima. A namu harshen ma, tun 1934 aka buga Jiki Magayi, labarin mutumin da ramuwar gayya ta kai shi ga lalata yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya nuna ɗacin bauta ta hanyar uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙetaren hamada. Babu mai karanta su ya tashi yana sha'awar sammu ko cinikin bayi.

Inda nauyi ke ƙaruwa shi ne idan marubuci ya ɗauki sunayen mutanen da suka rayu da gaske ya sanya musu magana a baki. Mamani ya cika giɓin tarihi da tunaninsa, musamman game da ƙuruciyar Sarauniya da zantukanta, domin abin da takardun Faransawa suka rubuta a kanta kaɗan ne ƙwarai. Wannan haƙƙinsa ne na mai hikaya, amma haƙƙin mai karatu ne ya san cewa hikaya yake karantawa. Matsala tana zuwa ne ranar da yaro ya haddace littafin ya ɗauka shi ne tarihi, har ya je ya yi wa tsohon Lugu ko na Bagaji gardama a kan abin da tsohon ya ji daga bakin kakansa. Matattu suna da haƙƙi a kanmu, kada mu ƙara musu abin da ba su yi ba, na yabo ko na zargi.

Nasiha ga iyaye da malamai

A 2007 an ƙona littattafan hikaya a Kano, waɗanda aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, da niyyar kare tarbiyya. Niyyar abin fahimta ce, amma abin da ya biyo baya ya isa darasi, domin labaran sun bar takarda sun koma cikin wayar salula, inda babu uban da ke ganin bangonsu. Wuta tana cin takarda, ba ta koya wa yaro rarrabe mai kyau da marar kyau. Abin da zai tsare shi a inda ba mu nan shi ne ma'aunin da muka dasa masa a zuciya.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. A duba shekarun yaro da ƙarfin zuciyarsa kafin a miƙa masa irin wannan littafi, domin abin da ɗalibin lise zai ɗauka ya amfana, ƙaramin yaro zai iya kwana yana firgita da shi. Idan ya karanta, kada a bar shi shi kaɗai da abin da ya gani. Uba ko malami ya zauna da shi ya tambaye shi: wa ka tausaya wa, me ya kai wancan ga abin da ya yi, a ina ya kamata sojan nan ya tsaya? A haɗa masa littafin da bakin tsofaffi, tun suna raye, a kuma rubuta abin da suka faɗa da Hausa, da boko ko da ajami, domin mafi yawan jikokin waɗanda abin ya shafa ba su karanta Faransanci.

Sa'an nan mu manya mu dubi kanmu. A yau abin ban tsoron da ya fi yawo a tsakaninmu ba a littafi yake ba. Hotuna ne da bidiyon gawarwakin mutane na gaskiya, na hatsarin mota ko na harin ƴan bindiga, da ake turawa ta WhatsApp daga waya zuwa waya, wani lokaci kafin iyalan mamacin su sami labari. Marubucin hikaya ko ba komai ya zauna ya yi tunani, ya ba wanda aka kashe suna da uwa da gida, domin mu ji zafin rashinsa. Bidiyon waya kuwa yana tuɓe wa mamaci sutura da mutunci, ya mayar da shi abin kallo, alhali shari'a ta umurce mu da suturta gawa da gaggauta binne ta. Wanda ya hana ɗansa littafi, sa'an nan ya zauna a majalisa yana miƙa irin wannan waya hannu zuwa hannu, ya sake lissafi. Kafin ka tura, tambayi kanka ko za ka so a tura na ɗanka.

Abin da muke fata ga mai karatu shi ne ya fita daga cikin kashi huɗun nan, ya karanta da zuciya mai rai, ya ji zafin abin da aka yi wa mutanen Lugu da na Ƙonni, ya yi wa Musulmin cikinsu addu'a, ya riƙe amanar labarin sauran, sa'an nan ya waiwayi gidansa da wurin aikinsa ya ga ko akwai wanda ke kwana da tsoronsa. In ya sami haka, daren da ya rasa barci bai tafi a banza ba.

Allah Ya tsare mu daga yin zalunci da kuma a zalunce mu, Ya raya zukatanmu da tsoronSa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.